Wai ina allurar zafi ta tafi ne a motocin yanzu?

Abban_Humaira:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da war haka. Dan Allah masana mota ku zo ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun watan jiya. Bara na saida tsohuwar motata na ɗauko wata 'yar ƙarama ta Japan samfurin 2012, 'yar Kwatano, ba ta shan mai, ga AC kamar firji, gaskiya ba ni da abin cewa. Sai da na kai ta gida na lura ashe dashbod ɗinta babu allurar zafi kwata-kwata. Allurar gudu ce kawai sai ta juyin inji, mai ma wasu 'yan sanduna ne a wani ɗan gilashi. Da safe in na tada ta sai wata 'yar wuta shuɗiya ta kama mai hoton tsinken awon zazzaɓi a cikin ruwa, in an ɗan jima ta mutu. Na tambayi wanda ya saida min yace ai haka sababbi suke Alhaji, in ta ɗau zafi ja za ta kawo maka. Nace to.

Ai kuwa ta kawo jan. Ina dawowa daga Zariya da azahar tsakiyar watan Afrilu, kun dai san yadda gari yake a lokacin, ga iyali a baya AC na ta aiki, na ɗan wuce Kwanar Dangora kawai sai na ga jar wuta tana ƙiftawa, kafin in samu gefen da zan faka saboda tireloli biyu ne a damana har ta daina ƙiftawa ta tsaya cak, ina buɗe ƙofa na ji ƙauri ga tururi yana fitowa ta ƙasan bonet. Ashe tiyon lagireto ne na ƙasa ya tsage ruwa ya jima yana zuba. Ƙarshenta gaskit ya ƙone, top silinda sai da aka kai shi wajen masu gurzawa a inji, kuɗin da na kashe ba na ma son tunawa.

Abin da yake min ciwo, mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana da Pijo 504 'yar Kaduna, ina yaro ina zama a gaba ina kallon allurar nan, da ta ɗan gota inda ta saba zama zai rage gudu yace akwai magana, mu samu inuwa mu tsaya. Motar da ta girme ni tana gaya wa mai ita tun da wuri, tawa mai kwamfuta sai da aikin gama ya gama. To tambayata biyu ce, me ya sa kamfanoni suka cire allurar nan, wayo ne ko rowa? Sannan akwai yadda za a yi a sa min ita ba tare da an yi wa motar kaca-kaca da wayoyi ba?

Baba_Direba:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri ɗana, Allah ya ƙara tsarewa tunda ku kun fita lafiya. Jikana ne yake danna min ni ina faɗa, in kun ga kuskure nasa ne.

Wannan jar wutar taku sunanta ihu bayan hari. Ni na yi layin Jos zuwa Lafiya da Pijo wagon shekara da shekaru, wadda ake haɗawa a Kakuri Kaduna, kamfanin da ya fara aiki tun 1975. Duk direban da ya san Hawan Kibo ya san ba titi kaɗai ake kallo ba, ido ɗaya na kan allurar zafi. Ka ɗauko mutum tara da buhuna a sama, tana hawa allura na hawa, kai ka san iyakar inda take kaiwa kullum. Ran da ta wuce nan ko da faɗin farce ne to fambel ya saki ko lagireto ya toshe ko ruwa ya ja baya, ka sauka a sama ka duba kafin ta zama magana. Ba lamba muke karantawa ba, halin motar muka sani.

Daga baya na tuƙa wa wani maigida Marsandi 200, ita har allurar ƙarfin baƙin mai gare ta daga 0 zuwa 3. In inji ya yi zafi tana tsaye a sulo sai ta sauko, kana taka totur ta haye 3 ta zauna. Ran da ka ga kana takawa tana jan ƙafa kafin ta hau, to metal na cikin inji sun fara cinyewa, ka fara tara kuɗi tun wata uku kafin inji ya buga. Yanzu fa? Hoton buta ce ja, in ta kama kana gudu sai dai ka ce innalillahi. Sun maida direba fasinjan gaba kawai.

Riwaya_Kaduna:

Baba Allah ya ƙara girma, maganarka dutse, amma bari in ɗan sosa wani wuri da mutane ba su sani ba. Abban Humaira ko da motarka tana da allurar, in dai ta wannan zamanin ce ba lallai ta cece ka ba, domin yawancin allurorin da kuke gani tun wajen shekarun 1990 zuwa yau ungulu da kan zabo ne. A 504 ta Baba waya ce ta taso daga sensa kai tsaye zuwa mita, abin da ruwa ya ce shi allura za ta faɗa. A motocin yanzu sensa biren bos, wato kwamfutar motar, yake kai wa labari, shi kuma biren bos ya zaɓi abin da zai nuna maka. An tsara allurar ta maƙale a tsakiya daga wajen digiri 80 har ta haura 100, ba ta motsi ko kaɗan, kai kana ganin komai lafiya alhali ruwa na hawa yana sauka a ciki. Sai abu ya ɓaci sosai sannan ta yi tsalle ɗaya zuwa ja. To meye bambancinta da wutar taka? Fenti ne kawai.

Ba zafi kaɗai ba. Ford sun yi shekaru suna sa allurar baƙin mai a motocinsu na ɗaukar kaya wadda a bayanta makunni ne kawai, ko akwai ko babu, da ƙarfin mai ya wuce ɗan ƙanƙani sai ta je tsakiya ta zauna. Mazda MX-5 ma ta farko mitar gaske gare ta, daga 1995 suka maida ita irin wannan. Dalili kuwa mutane ne, mai mota ya ga allura ta sauko a sulo ya garzaya kamfani yace injinsa ya lalace alhali haka ake so ta yi, suka gaji da rigima suka ɗaure allurar. Da suka ga ɗaurarriyar allura ba ta da wani amfani sai wasu suka cire ta gaba ɗaya, Honda Fit da Toyota Yaris duk wutar shuɗi da ja ce, BMW samfurin E90 da ya fito 2005 shi ma ba mitar zafi, wasu injinansa ko sandar awon baƙin mai babu, sai ka shiga menu ka jira kwamfuta ta gaya maka. Ita kuma butar nan ja da Baba ya ce, makunninta sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar (ma'aunin ƙarfin mai ke nan) yake kamawa, inji kuwa a kan gudu yana son bar biyu zuwa huɗu, ka ga kenan kafin ta yi magana an riga an ci rabin metal.

Amma fa lambar gaskiya tana nan ba inda ta je, ɓoye maka aka yi. Leƙa ƙasan sitiyarinka wajen gwiwa za ka ga wani soket mai rami 16, sunansa OBD2. Amurka ta wajabta shi a kan duk ƙananan motoci tun 1996, Turai suka bi a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu gas. Nan muke soka sikana, na'urar da ke karanta matsalar mota. Akwai ɗan ƙaramin abu da ake kira ELM327 girman akwatin ashana, kuɗinsa bai kai na cika tankinka ba, ka soka shi ka haɗa da wayarka ta bulutut ka sauke Torque ko Car Scanner, za ka ga zafin ruwa da lamba yana canzawa kana kallo, ga cajin altaneta, har ƙararrawa za ka iya sa masa ya yi ihu in ya kai 105. Lafiyayyen inji tamostat ɗinsa, wato abin da ke tare ruwa har inji ya yi ɗumi, yana buɗewa tsakanin 82 da 88, fanka ta tashi wajen 95 zuwa 100, ita kuwa jar wuta sai ya doshi 120 take zuwa, top silinda na alminiyam kuma ba ya jure wannan ya lanƙwashe. Caji in inji na aiki ka ga 13.5 zuwa 14.5, in ka ga 12 da 'yan kai kana tafiya to batir kake ci, nemi gida. Ƙarfin baƙin mai ne kawai yawancin motoci ba sa bayarwa ta nan don ba su da sensan ma, wannan sai an ɗaura mita ta daban.

Abu biyu zan ja kunnenka. In za ka ajiye motar kwanaki zare abin, wasu masu araha suna tsotsar batir. Na biyu in ruwa ya zube gaba ɗaya lokaci guda sensa yana iya zama a cikin iska ya yi ta ba da lambar ƙarya, don haka buɗe bonet da safe kafin a tada inji bai tsufa ba. Kada ka bari kowa ya yanka maka tiyo ko ya fere wayoyin biren bos da sunan sa allura.

Maman_Khalifa:

Ni dai allura ba ta dame ni ba don wlh ko lokacin da nake da mai allurar ban taɓa kallonta ba sai ta mai hhh. Abin da ya ishe ni shi ne gilashin taɓawar nan. Motar da maigidan ya canza min komai yana cikin sikirin, AC, fanka, rediyo, har iskar da ke share gilashin gaba in ya yi hazo. Da can hannu kawai nake miƙawa in murɗa idona na kan titi, yanzu sai na kalla na danna nan na danna can, ga 'yan adaidaita suna shigo maka ta ko'ina ga yara a baya suna faɗa. In rana ta haske shi da azahar ba ka ganin komai sai shatin yatsu. Rannan ya ɗauke ɗif muna tsakiyar gosulo, baƙi ƙirin, AC ta maƙale a inda take ba ragi ba ƙari, sai da na kashe motar na sake tadawa kamar wata waya.

Amma in faɗi gaskiya kyamarar ribas ba zan iya rabuwa da ita ba, layinmu yara ne birjik, kuma wutar da ke nuna iskar taya ta ragu ta taɓa cetona a hanyar Gwarzo, ƙusa ce ta shiga ban ji komai ba. To ni ba cewa nake a koma zamanin Baba ba, a dai bar mana abin murɗa AC.

Ɗalibi_a_Jamus:

Hajiya abin da kika faɗa Turawan ma shi suke kuka da shi, har gwaji aka yi. A 2022 wata mujallar motoci ta Suwidin mai suna Vi Bilägare ta sa direbobi su yi 'yan ayyuka huɗu irin su canza tashar rediyo da ƙara ɗumin mota suna gudun kilomita 110. Tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai maɓallai zalla daƙiƙa 10 aka gama, motar ta ci mita 306. A MG Marvel R mai ƙaton sikirin sai da aka kusa daƙiƙa 45, fiye da mita 1,300 hankalin direba a rabe. Ki auna wannan a titin Kano zuwa Kaduna.

Tambayar Abban Humaira ta wayo ne ko rowa, ni a ganina rowa ta fi yawa amma an sa mata rigar gayu. Kowane maɓalli sai an zana shi, an yi masa ma'auni, an ja masa waya, an gwada shi, kuma na mai sitiyari a dama daban na hagu daban. Sikirin kuwa guda ɗaya ne a sa shi a mota iri goma, yare ma a manhaja ake canzawa. Tun da Amurka ta wajabta kyamarar baya a sababbin motoci daga Mayun 2018 dole dama a sa gilashin, to tunda ga shi nan sai aka kwashe komai aka zuba a ciki. Kuma abin ba sabo ba ne, Aston Martin Lagonda ta zo da dashbod na lambobi tun 1976, Buick Riviera ta sa sikirin na taɓawa a 1986 masu saye suka yi ta ƙorafi zuwa 1990 aka cire. Tesla ce ta dawo da yayin da Model S a 2012 mai sikirin inci 17, a Model 3 ta 2017 kuwa bayan sitiyari ba komai, gudunka ma sai ka waiga tsakiya. A 2021 sai da suka yi kiranyen motoci kusan 135,000 saboda ma'ajiyar bayanan sikirin ɗin tana gajiya ya mutu, in ya mutu kuma ya tafi da kyamarar baya da abin share hazo. A 2023 har sandar sigina suka cire daga Model 3 suka maida ita maɓalli a jikin sitiyari, ka yi tunanin kana cikin shataletale sitiyari a juye kana laluben hagu da dama.

Yanzu dai an fara dawowa daga rakiyar. Volkswagen da bakinsu suka amsa cewa sun yi kuskure suna maido da maɓallai, Euro NCAP masu ba motoci taurarin tsaro a Turai suka ce daga 2026 mai son cikakken maki sai ya bar abin taɓawa na zahiri ga sigina, wutar haɗari, hon, waifa da kiran gaggawa. Amma lura, ba wanda ya ce a maido da allurar zafi. Su lissafinsu mota sabuwa ce, garinsu sanyi, ana kai ta sabis kan lokaci, kuma da yawan sababbin in sun ɗau zafi biren bos da kansa yake rage ƙarfin inji. Ba su zana ta don ranar da za ta shekara sha biyar tana fama da ranar Sakkwato da tsohon tiyo ba, mu ne muke gadon wannan.

Dan_Maradi:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan abin da kuke ce ma biren bos kalkilatar muka ce mishi, sikana kuma baliz, dashbod ko tablo. Matsalarmu ba ta wuce wagga ba, mai baliz na ƙwarai sai Yamai ko nan Maraɗi da Damagaram, in mota ta kunna maka wuta a tablo kana bayan Tanut wa zai karanta maka ita? Shi ya sa masu hanyar Agadas har gobe ba su yarda da komi ba sai Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda ya fito tun 1990, famfon gas nashi na ƙarfe ne ba ruwanshi da kwamfuta, tablo nata ga allurar zafi ga ta mai ga ta batir duk suna nan. In ta lalace cikin rairayi da sufana da waya ake tada ta. Sabuwa kuwa sensa guda na ƙin aiki sai ta ƙi wuce gudun jaki, ko ta ƙi tashi sam, alhali inji lafiya lau. Ni ba gaba nike da zamani ba amma mota da ba ta gaya ma mai ita ciwonta sai ta gaya ma wani mai akwati a birni, wannan ta gari ce ba ta daji ba.

Riwaya_Kaduna:

Dan Maraɗi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, amma mu ma fa da namu laifin, kar mu ɗora wa Bature duka. Mota ta sauka daga Kwatano abu na farko da wasu kanikawa ke yi shi ne su cire tamostat su jefar su haɗa fanka dairek, wai ai na ƙasar sanyi ne. Sai inji ya kasa kai zafin da aka tsara masa, biren bos ya ɗauka har yanzu safiya ce ya yi ta ƙara mai, ta kawo lambar matsala P0128 a sikana, mai mota yace tana shan mai. A fasa salansa a kwashe indomin ciki mai tace hayaƙi a saida, ta kawo P0420. A zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon kulant ya yi tsatsa ya ci tiyo da wata famfo. Wutar cek mai nuna matsalar inji ta kama, maimakon a karanta sai a buɗe mita a manna mata baƙin salatif ko a cire ƙwan. Wlh na sha buɗe dashbod in tarar da salatif a kan wuta uku. Kai da ka rufe bakin da motar take magana da shi ko allura goma aka ba ka me za su yi maka?

Gwaji mai sauƙi ga duk mai sayen mota, murɗa makulli kar ka tada inji, dole wutar cek da ta buta da ta batir da ta iyabag duk su kama sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko an yi mata aiki. Abban Humaira kai ma je ka gwada taka, kuma ka tambayi wanda ya yi maka gaskit ko ya maida tamostat ɗin.

Baba_Direba:

Yaron nan riwaya ka iya magana, na sallama maka a kan salatif don na gani da idona a tasha. Amma wannan abin da ka ce a soka a duba a waya, yanzu direba ya bar kallon sikirin ɗin mota ya koma kallon na waya kenan? Allah ya kyauta. Ni dai a bar min hancina, ƙaurin ruwan zafi daban na kuloci daban na waya daban.

Abban_Humaira:

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya ƙara lafiya, a gaida jika mai dannawa. Oga riwaya na bi maganarka, na murɗa makulli duk wutocin sun kama alhamdulillah ba salatif. Na samo ɗan abin nan jiya na soka, da ƙyar ya haɗu da wayar sai da ƙanina ya sa hannu. Na zaga da ita daga Kabuga zuwa Hotoro da yamma AC a kunne, lambar ta ƙi wuce 68, a kan titin bayan gari ma har 61 ta sauko, fanka kuma tun da na murɗa makulli take ihu ba ta tsaya ba. Na kira bakaniken yace eh ai ya cire min tamostat ɗin ne don kar a sake samun matsala, yana nan a cikin but ya ajiye min a leda. Wai in sa sabo ne ko wannan na ledar zai yi? Kuma a kasuwar Kofar Ruwa yaya zan gane na asali?